Sauya hamonika: yadda za ka zaɓi wadda ta dace da salon busarka

Galibin masu busa hamonika a Kano da mai araha suka fara, ko wadda aka kawo wa yaro tsaraba, ko wadda mutum ya hango a gilashin shagon kayan kiɗa a Sabon Gari ya ce bari ya gwada. Takan yi aikinta na 'yan watanni. Daga nan sai ka ji numfashi na ƙare maka kafin baiti ya ƙare, wani rami ya fara gardama, waƙar da ke kanka kuma ta ƙi fitowa yadda kake jin ta. A nan tunanin sauyawa ke zuwa, a nan kuma kuɗi ke salwanta, domin mutum yakan tambayi wacce ta fi tsada ko wacce ta fi suna. Abin tambaya shi ne me kake busawa, tare da wa, da wane irin numfashi. Hamonikar da mai bulus, wato salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, zai rantse da ita tana iya zama asara ga mai bin karin waƙoƙin Hausa, ko da masana'anta ɗaya ta ƙera su.

Mataki na farko: gano mai laifi, kai ko ita

A cikin kowace hamonika akwai 'yan siraran fallayen ƙarfe, galibi na tagulla, da aka kafa a kan faranti biyu. Iska ce ke kaɗa su su ba da amo. Mai rami 10 tana da falle 20, goma na hurawa, goma na zuƙa. An ɗaure farantan a jikin kum, wato tsakiyar nan mai haƙora da ta raba ramukan, sannan murfi biyu suka rufe. Bambancin mai araha da mai kyau kusan duk yana cikin yadda waɗannan suka zauna da juna. Idan faranti bai kwanta sosai a kan kum ba, ko falle ya yi nisa da tsagar da yake kaɗawa a ciki, rabin numfashinka ta gefe zai zurare.

Sami wuri shiru, ka ɗora leɓe a rami na 4, ka hura da ƙaramar iska, iyakar wadda za ta tayar da amo. Mai kyau nan take za ta amsa. Mai yoyo kuwa sai ka ji "fuuu" ta riga amon fitowa. Bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, hurawa da zuƙa. Bayan nan ka sauke manhajar auna sauti a waya, irin wadda masu jita ke ɗaure tsirkiya da ita, ka sake bin su. Idan duka sun ɗan haura layin tsakiya, wannan ba aibi ba ne: masu ƙera hamonika sukan daidaita ta ɗan sama da fiyano, a kan ma'aunin 442 ko 443 maimakon 440, domin ƙarfin numfashi yana ɗan sauke amo. Amma idan amo ɗaya ya faɗi ƙasa da 'yan'uwansa, kuma kullum ƙara faɗuwa yake, fallen ya gaji, ya soma tsagewa daga gindi. Wannan ba ya warkewa.

Sai dai a yi wa zuƙar rami na 2 adalci. Ita ta fi jawo wa hamonika zagi, kuma sau da yawa ba ta ci ba ba ta sha ba. Fallenta dogo ne, yana bin siffar cikin bakinka. Idan ka janye harshe baya ka matse maƙogwaro, amon zai dushe ko a kan mafi tsada a duniya. Saki haɓa, buɗe maƙogwaro, ja numfashi daga ciki a natse. In ta washe, ajiye kuɗinka tukuna ka ƙara wata guda kana atisaye. In ramuka da yawa suna fuka duk yadda ka yi, to lokaci ya yi.

Mataki na biyu: ɗauki busarka a waya ka saurara

Ajiye waya a gabanka ka yi busar minti goma yadda ka saba idan babu mai jin ka, washegari ka saurara. Amo ɗai-ɗai kake bi kana rera kari, ko ramuka uku kake haɗawa kana ba da kiɗa da numfashi? Kana son amo ya lanƙwasa ya yi kuka, ko tsaf kake son ya fito? Akwai gaɓar da kake tsallakewa domin amon da waƙar ke nema babu shi? Amsarka za ta kai ka ɗaya daga cikin gida uku.

Mai rami 10, wadda ake kira dayatonik, ita ce ta masu lanƙwasa. Tana ɓacewa a tafin hannu, kuma kowace a kan ki ɗaya aka gina ta, wato amon gidan da waƙa ke zama a kai, wanda ake kira da harafi kamar C ko G. Amon da babu a jikinta da baki ake samar da shi: ka sauya zaman harshe da maƙogwaro, amon ya sauko. Ramuka na 1, 2, 3, 4 da 6 suna lanƙwasuwa a zuƙa, na 8, 9 da 10 a hurawa. Wannan kuka shi ne ran bulus, shi ne Little Walter ya ɗora a kan makirfo da amfilifaya a Shikago a shekarun 1950. Ita ce kuma ta mai kaɗa jita yana busa lokaci guda da maƙalin wuya, irin su Bob Dylan, ko Ismaël Lô na Senegal, wanda, ga mai son sani, a Dogondutsi ta Nijar aka haife shi a 1956.

Kuromatik tana da madanni a gefen dama. Da ka danna shi kowane amo ya hau rabin taki, wato tazarar madannin fiyano da na kusa da shi, saboda haka duk amo 12 na fiyano, farare da baƙaƙe, suna hannunka. Mai rami 12 tana da falle 48 da zango uku, wato daga C zuwa C ta gaba har sau uku. Mai rami 16 tana da falle 64 da zango huɗu. Jerenta maimaita kansa yake bayan kowane rami huɗu, C E G C a hurawa, D F A B a zuƙa, don haka abin da ka koya a zango ɗaya ya yi maka a sauran. Ita Stevie Wonder ke busawa, da ita Toots Thielemans na Beljiyam ya yi suna a jaz. A garin nan, wanda kunnensa ya tashi da waƙoƙin finafinan Indiya, yana bin dogon kari mai zamewa ta rabin taki, ita ce tasa. Haka wanda ke aikin situdiyo inda kowace waƙa da nata ki. Farashin mai kyau guda ya kai na dayatonik da dama, tana son lallashi, kuma ba ta kuka irin na ƙanwarta dayatonik.

Ta uku tiremolo ce, doguwar nan mai ramuka jere biyu, 21 ko 24. Kowane amo falle biyu gare shi, an ɗan saɓa su da gangan, shi ke ba da rawar muryar nan. Masu araha da ke yawo a kasuwa da yawansu irinta ne. Idan wannan rawar murya ce ta sa ka son busa tun farko, kada wani bidiyon intanet ya sa ka raina ta. Nemi tiremolo mai kyau ta kamfanin Tombo ko Suzuki, ko jerin Echo na kamfanin Hohner, ka ci gaba da abinka. Ka dai sani ba a lanƙwasa amo a kanta.

Mataki na uku: jeren amo da ki

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi sunan kamfani muhimmanci ga mai busa karin gida.

A kan dayatonik mai ki C, hurawa daga rami na 1 zuwa na 10 tana ba da C E G C E G C E G C, zuƙa kuma D G B D F A B D F A. Wannan jere shi ake kira Richter. Karin gargajiyar Hausa, irin na goge da kukuma da garaya, galibinsa a kan tsani mai amo biyar yake tafiya, kuma tsakiyar hamonika kamar don shi aka yi ta. C D E G A suna nan kwance: hura 4, zuƙi 4, hura 5, hura 6, zuƙi 6, ka rufe da hurar 7. Mai son kari mai ɗan juyayi ya faro daga zuƙar 4, ya sami D F G A C: zuƙi 4, zuƙi 5, hura 6, zuƙi 6, hura 7, ya sauka a zuƙar 8. Babu lanƙwasa ko ɗaya a ciki.

Wahalar tana ƙasa. Ramuka uku na farko an tsara su ne don a haɗa su a ba da kiɗa, shi ya sa babu F babu A a wurin, G kuma ta zo sau biyu, a zuƙar 2 da hurar 3. Da haka falle 20 ke ba da amo 19 kacal. Shi kuwa baitin Hausa yana son farowa sama ya gangaro. Sai ka sauko daga C ta rami na 4 kana neman A, ka tarar babu ita sai ka lanƙwasa zuƙar 3 taki guda cif. Ramin nan mazauni uku gare shi a lanƙwasa, Bb da A da Ab, kuma dira a kan na tsakiya daidai, cikin gudu, ba aikin mako ɗaya ba ne. Mutane da yawa a nan suke yanke cewa hamonikarsu ce ba ta da kyau, su sayi mai tsada, su tarar da ramin nan yana inda suka bar shi.

Mafita biyu ce. Ko ka zauna ka koyi lanƙwasar, wanda dole ne ga mai bulus, ko ka sayi wadda aka sauya wa jere. Akwai Paddy Richter, wadda Brendan Power ya fito da ita don kiɗan gargajiyar Ailan: falle ɗaya aka taɓa, hurar 3 ta tashi daga G ta koma A. Da wannan, tsanin amo biyar ya cika tun daga rami na 1. Kamfanonin Seydel da Easttop suna sayar da ita a haɗe. Abin da ka rasa shi ne zurfin lanƙwasar rami na 3, wadda ta koma rabin taki kawai, kuma haɗin hurawa na ƙasa ya sauya launi. Mai bulus zai ji an yi masa kwace. Mai rera kari ba zai ma lura ba.

Kamfanin Lee Oskar na da nasu jeren. Melody Maker ta ɗauki wancan sauyi na rami na 3, ta ƙara da ɗaga zuƙar 5 da ta 9 daga F zuwa F#, wato rabin taki sama. Natural Minor ta dace da rege da duk waƙa mai sanyin jiki. Harmonic Minor tana da ƙamshin karin Gabas ta Tsakiya, ga mai bin irin wannan. A kula wajen oda: harafin da ke jikin Melody Maker da Natural Minor na amon zuƙar 2 ne. Melody Maker da aka rubuta wa G, a kan ginin mai C take.

Sai batun ki. Ka shiga situdiyo a Zoo Road da hamonikarka guda mai C, furodusa ya kunna kiɗa ya ce, "Malam, a kan F muke fa." Mai fiyano yana da madannin da zai ɗaga ko ya sauke ki cikin daƙiƙa. Muryar mawaƙiya ba ta da wannan madanni, hamonikarka ma haka. Idan kari tsantsa kake bi daga hurar 4, harafin hamonika da na waƙa ɗaya ne. Idan salon bulus kake yi, inda gida yake a zuƙar 2, lissafin ya sauya: mai C tana yi wa waƙar G, mai A ta E, mai D ta A, mai G ta D, mai F ta C, mai Bb ta F. Masu bulus bayan C sukan sayi A, sannan D da G. Kai da ke aiki da mawaƙan Hausa, tambayi mai fiyanon da kuka fi haɗuwa inda muryar mawaƙansa ta fi zama, ka fara da nan. Hamonika uku masu matsakaicin kuɗi a ki daban-daban sun fi amfani nesa ba kusa ba a kan guda ɗaya mai tsada.

Ki yana taɓa numfashi ma. G ce ta fi kauri a jerin da aka saba, fallayenta dogaye, tana amsawa a natse tana cin iska. F da F# sirara ne, suna amsawa da wuri, suna huda kowane kiɗa, amma suna iya hawa kan mai sauraro. Mai numfashi a hankali yakan fi jin daɗin A da Bb da C.

In kuma da mai goge ko gurmi za ku haɗu, ka tuna shi da kunne yake ɗaure tsirkiyarsa, bisa muryar mai waƙa. Kai ba ka da abin murɗawa. Ba shi amon gidanka tun kafin a fara, cikin ladabi, ya ɗaure a kai.

Mataki na huɗu: kum, falle da murfi, a yanayin Kano

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska bushe take ƙayau, ga ƙura. Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Sai damina ta jiƙa komai. Duk mai ƙyauren katako a gida ya san labarin: da damina ya kumbura ya ƙi rufuwa, da hunturu ya tsuke ya bar kafa. Haka kum ɗin katakon da ba a shafe shi da kyau ba yake yi, har ma ya fi, domin shi kullum yana shan danshin baki sannan ya bushe. Haƙoransa sukan turo waje su kankare leɓen da hunturu ya riga ya farfasa, kafa kuma ta buɗe tsakaninsa da faranti.

Marine Band ta Hohner, wadda ta fito a 1896 daga masana'antar da Matthias Hohner ya kafa a Trossingen ta Jamus a 1857, ita ce muryar tsohon bulus, ba mai musun haka. Amma ta asalin kum ɗinta katako ne, kuma da 'yan ƙusoshi aka haɗa ta, ba ta kwancuwa cikin sauƙi. A garin da ƙura ke shiga har cikin akwatin da aka kulle, ba zan ba wa mai sauyin farko shawararta ba. Mai son wannan murya ya duba Marine Band Deluxe, mai noti da katakon da aka shafe, ko Crossover mai kum ɗin gora, ko Manji ta Suzuki, wadda kum ɗinta haɗin garin katako ne da roba, ba ya kumbura.

Ga yawancin mutane, kum ɗin roba shi ne kwanciyar hankali. Special 20 ta Hohner, Session Steel ta Seydel da Lee Oskar duk farantansu a nitse suke cikin kum, leɓe ba ya gogar bakin ƙarfe. Special 20 tana lanƙwasuwa cikin sauƙi, muryarta da taushi, in ka rasa ta zaɓa ita ce. Rocket 'yar'uwarta ce da aka faɗaɗa wa ramuka aka buɗe wa murfi, ta fi ƙara, ta dace da mai busa a fili babu makirfo. Ƙa'idar murfi ke nan a taƙaice: mai buɗaɗɗen baya da huda a gefe ya fi amo da kaifi, rufaffe ya fi laushi. Masu gashin baki kuma su duba inda murfi ya haɗu da faranti. In akwai 'yar tsaga a wurin, za ta tsinke maka gashi a tsakiyar baiti, kuma hawayen da za ka yi ba na daɗin waƙa ba ne.

Mai ƙarfin numfashi, wanda ke kashe zuƙar 4 da ta 5 a kai a kai, ya duba Seydel. Masana'antar tana Klingenthal ta Jamus tun 1847, kuma a 2007 ta fara sayar da hamonika mai fallayen ƙarfen da ba ya tsatsa, waɗanda suka fi jure wuya. Lee Oskar, wadda Tombo ke ƙerawa a Japan tun 1983, ita ma ta yi suna wajen ƙarko, ga shi ana sayar da farantanta daban, in falle ya mutu ka sauya faranti ka bar sauran. Suzuki walda take yi wa fallayenta a jikin faranti, don haka a can ma faranti guda ake sauyawa. Mai ƙaramin aljihu kuwa, Easttop T008K ta Sin ta fi kuɗinta aiki.

Akwai wani abu da ba a gani da ido. Wasu hamonikoki an daidaita su don ramuka uku su yi daɗi a haɗe, sai aka ɗan sauke wasu amo, kamar hurar 5 da zuƙar 3 da ta 5. Marine Band da Special 20 tsaka-tsaki suke ta wannan fuska. Golden Melody da Lee Oskar kuwa irin daidaiton fiyano aka yi musu, kowane amo shi kaɗai a mazauninsa. Mai rera kari kusa da fiyano a situdiyo zai fi zama lafiya da waɗannan biyun. Mai haɗa ramuka zai ji su da ɗan kaushi.

A ɓangaren kuromatik maganar ba ta sauya ba. Chromonica 270 ta Hohner tsohuwar hannu ce mai kum ɗin katako, bushewa na iya tsaga shi. CX12 tasu ta roba ce, tana kwancuwa ba tare da sukudireba ba, abin so ga mai share ƙura kullum. SCX-48 ta Suzuki ma kum ɗin roba gare ta. Kusan kowace kuromatik tana da 'yan siraran bawul a kan fallaye don tare iska. Da sanyin safiyar hunturu, numfashi mai ɗumi yakan zama raɓa a kan ƙarfe mai sanyi, bawul ya manne ya riƙa ƙara. Sa ta a aljihun ƙirji na 'yan mintuna kafin ka fara. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya, Forerunner ta Easttop ba ta da bawul, sai dai ta fi cin iska.

Mataki na biyar: saye

Fara da zagaya shagunan kayan kiɗa da lasifika na Sabon Gari. Abin da za ka fi tararwa mai C ce da tiremolo. Sauran ki da jeren musamman galibi sai an yi oda, ko ta mai shago daga Legas, ko ta Jumia, Konga ko AliExpress. Farashi dala yake bi, na watan jiya ba na yau ba ne. Tafi da cikakken suna da harafin ki a rubuce a takarda. Idan ka ce "ba ni Hohner" kawai, mai shago zai ce, "Ga ta nan, yallaɓai, orijina ce," kuma ba lallai ƙarya ya yi ba: kamfanin yana da na 'yan koyo masu araha, irin Silver Star da Bluesband, da ake ƙerawa a Sin. Sunan gaskiya ne, amma ba ka matsa daga inda kake ba.

Ba a busa hamonika a shago sannan a mayar, kuma in mai shago ya miƙo maka ya ce gwada, tambayi kanka bakin mutum nawa ya riga naka. Abin da za ka iya shi ne duba kwali a rufe yake, rubutun murfi ya fito ras, notuna sun zauna daidai, babu tsatsa. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sauran masu sayarwa alamar jabu ce. Ta gwanjo kuwa, ko an wanke ta tas, ba ka san saura kwana nawa fallayenta su mutu ba. Sayen na gari mayar da kuɗi gida.

In oda za ka yi daga waje, haɗa da farantan canji na ki ɗin da ka fi busawa, tunda kuɗin dako ɗaya ne. Kuma fara da guda ɗaya daga samfurin da ka zaɓa. Sai ta yi wata a bakinka ta karɓe ka, sannan ka cika sauran ki.

Mataki na shida: daidaita ta da numfashinka

Sabuwar hamonika an saita ta ne don bakin kowa. Busa ta a hankali mako ɗaya ko biyu, ka lura da ramin da ke jinkiri da wanda ke shaƙewa idan ka matsa masa. Sannan ka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, don noti in ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan, ka cire murfin. Fallayen zuƙa suna kan farantin ƙasa, ana ganin su a waje. Na hurawa suna farantin sama ta ciki, ta tsagarsu ake taɓa su.

Ɗaga ta saitin haske ka dubi bakin kowane falle. Akwai 'yar tazara tsakaninsa da faranti, wadda a ƙa'ida ba ta wuce kaurin fallen kansa ba. In ta yi faɗi, rami zai yi fuka da jinkiri. In ta tsuke da yawa, zai amsa wa iska kaɗan amma ya shaƙe da ka ƙara ƙarfi. Mai busa a natse ya ɗan rage ta, mai ƙarfin ƙirji ya ɗan ƙara. Da tsinken sakace ake yi: ka danna fallen a hankali wajen da kake so ya koma, sau biyu ko uku, ka ɗan kaɗa bakinsa ya yi "tin", ka riƙe murfi da yatsu ka gwada. Kaɗan-kaɗan, falle ɗaya a lokaci guda. Fara koyon hannu a kan wadda ba ka jin asararta. Wajen mayar da notuna, ɗaure su bai ɗaya, kada ka matse har faranti ya lanƙwashe.

Sau da yawa ramin da ya mutu farat ɗaya ba mutuwa ya yi ba. Buɗe ka duba, za ka tarar da silin gashi, ko ɗan ɓarɓashin goro ko gyaɗa ya maƙale a gefen falle. Zare shi da tsinke, daga gindi zuwa baki. Kurkure baki kafin busa, musamman bayan shayi mai sukari ko tsire. In ka gama, buga ta a tafin hannu ramuka na kallon ƙasa, ka bar ta ta sha iska kafin ka rufe ta a akwatinta. Kada a bar ta a gaban mota cikin rana. Mai kum ɗin roba marar bawul tana jure ɗauraya da ruwa. Mai katako da kuromatik mai bawul ba a kai su bakin famfo.

Idan za ka hau dandali

Makirfo ma salo yake bi. Mai son murya tsaf, kamar mai kuromatik ko mai rera kari, makirfon mawaƙa irin Shure SM58 ya ishe shi, a kan sanda, ya bar ɗan taƙi tsakani don hannuwa su sami wurin buɗewa da rufewa. Mai son gurnanin bulus na Shikago shi ke buƙatar irin Shure 520DX, wanda ake kira Green Bullet: a haɗa shi da hamonika a dunƙule cikin tafuka biyu, a toshe duk wata kafa, domin kaurin muryar daga matsewar hannu yake fitowa. An yi shi ne don amfilifayar jita, ba don a soka shi kai tsaye a mikisar mai kayan sauti a wurin biki ba. In ka san mikisa kawai za ka tarar, tafi da SM58. In da amfilifayarka za ka je, ajiye ta a gefenka, kada makirfo ya fuskance ta, ka rage kaifin sauti kafin ka ƙara ƙara. Masu wannan salo su duba Rocket Amp, wadda aka toshe wa hudar gefe don duk amon ya bi ta baya ya shiga makirfo.